A Mayar Wa Zenzi Da Sunanta

Mai girma shugabar gari, Frau Edeltraud Moosbrugger. Mai girma limamin cocinmu, Fada Kajetan. 'Yan majalisar gari da ke jere a teburin gaba. Shugaban kwamitin yawon buɗe ido, Herr Dorfner, da abokan aikinsa. Baƙonmu, wakilin kamfanin tafiye-tafiye da ya taso takanas daga Vienna. Masu jiragen fito da masunta. Tsofaffin ma'aikatan ramin gishiri. Matan ƙungiyar mawaƙan coci da nake hangowa can baya kusa da murhu. Iyayena da 'yan'uwana, mutanen Aldensee baki ɗaya: ina gaishe ku, Allah ya ba mu alherin wannan maraice.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni damar tsayawa, ina godiya gare ku da kuka baro ɗumin ɗakunanku kuka fito cikin wannan sanyi. Ga wanda bai san ni ba, kuma ina jin mutum ɗaya ne tak a zauren nan, sunana Walpurga Steinkogler, Burgi mai masaukin bakin tafki. Ni ba mai jawabi ba ce. Bakina ya fi sabawa da ƙwala wa masu dafa abinci kira a kan romo ya huce. Idan kuka ji muryata tana rawa, ku yi haƙuri da ni, ba tsoronku nake ji ba. Abin da na gani ne bai sake ni ba har yanzu.

An tara mu ne domin mu ɗaga hannu a kan sabunta yarjejeniya da kamfanin da ke kawo mana masu bin sawun littafin nan na labarin kisan kai. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin cewa akwatin gilashin da aka kafa a ɗakin ƙasusuwa zai ci gaba da zama yadda yake, da abin da ke cikinsa. To, kafin hannu ɗaya ya tashi, ina so ku san mene ne a cikin akwatin nan. Matar Baba Ignaz Ramsauer, Baba Naz ɗinmu, ce a ciki. Kreszenz ce, Zenzinmu, an kankare sunanta an rubuta na wata.

Na ga wasu sun riƙe baki. Ni ma haka na yi. Ku ba ni hankalinku, zan bi maganar daki-daki.

Na farko, kada kowa ya ce Burgi ta tsani littafin, ko ta tsani baƙi. Ƙarya ne. Na karanta shi har na bar miya ta ƙone, ina so in san wanda ya kashe Leontine, matar nan da marubucin ya ƙirƙiro. Kuma kun sani, mu matan ƙungiyar mawaƙa mun taɓa yin hayar mota muka bi sawun labarin tun daga tushe. Mun tsaya ƙarƙashin tsohon agogon Prague muna ɗaga kai har wuyanmu ya ƙage. Mun shiga babban cocin Vienna muna ƙirga ginshiƙai, wai mu gano wanda mai binciken kisan ya ɓuya a bayansa. Har wani lungu muka shiga a Prague, muka taru a bakin wata koriyar ƙofa muna ɗaukar hoto, sai wata tsohuwa ta leƙo ta taga da kwandon wanki, ta ce: "Bayin Allah, ba a kashe kowa a gidan nan ba. Ku matsa in shanya kayana." Muka yi dariya har da hawaye, muka ba ta haƙuri muka wuce. Saboda haka na san daɗin da mutum yake ji in ya taka inda labari ya taka. Kuma ba zan ɓoye ba, tun da marubucin ya ƙare labarinsa a ɗakin ƙasusuwanmu, ɗakunan masaukina ba su ƙara kwana babu kowa ba. Baƙin nan su ke cin gasasshen kifina, su ke cinye kek ɗin tuffana. Mafi yawansu mutanen kirki ne, sun biya kuɗin mota da na jirgi domin son karatu. Ba da su nake faɗa ba.

Na biyu, domin baƙonmu na Vienna, tunda ban tabbata an gaya masa abin da yake sayar wa mutane tikitin kallo ba. Yallaɓai, maƙabartarmu 'yar mitsitsiya ce, dutse ta baya, tafki ta gaba, babu inda za ta faɗaɗa. Shi ya sa tun kakannin kakanni, idan mamaci ya daɗe a ƙasa, danginsa su ke tono shi da hannunsu, su wanke ƙoƙon kansa, su shanya shi har ya yi fari, a rubuta sunansa a goshi, a zana masa ganye in namiji ne, furen wardi in mace ce, a jera shi kusa da nasa. Miji kusa da mata, uwa kusa da ɗa. Kai kana ganin ƙasusuwa, mu muna ganin unguwa, kowa da maƙwabcinsa. Kakata tana can. Mahaifina Leopold yana can. Mahaifin Herr Dorfner yana can, layi ɗaya da shi.

Zenzi kuwa, matasa ba su san ta ba, amma dattawan zauren nan sun sani. Ita ta riƙe ni a hannu ranar da aka yi mini baftisma. Tana yankan ciyawar shanu a gangaren dutse ƙafarta ta zame, kanta ya bugi dutse ta saman kunnen hagu. Baba Naz ne ya goyo ta a bayansa tun daga can sama har cikin gari, yana tafe yana yi mata magana, bai san ta riga ta cika ba. Bai sake aure ba. Da lokacin tono ya yi, shi ya wanke ta da kansa, ya hana kowa taɓawa, ya bar gurbi a gefenta na dama. Duk wanda ya taɓa zama da shi a bakin tafki ya ji shi yana cewa: "Wurina yana nan, an share mini." Yanzu ya haura tamanin, idanunsa sun tafi, zuciyarsa likita ya ce sai a hankali. Ba shi da ɗa, ba shi da jika. Wannan gurbin shi ne abin da ya rage masa a duniya.

Na uku, abin da idona ya gani. Ranar tunawa da matattu da ta wuce, na je na riƙo hannunsa kamar yadda na saba tun da ganinsa ya raunana. Muka hau matakalar coci a hankali, yana riƙe da kyandir, ya cire hularsa tun daga bakin ƙofa. Mun tarar da ɗakin cike da baƙi, kowa da littafin a hammata, jagoransu yana tsaye gaban sabon akwatin gilashi. Ban kula su ba, na kai Baba Naz wurin da ya sani. Ya miƙa hannu kan katakon da ake jera su, ya shafa, ya sake shafawa. Ya ce: "Burgi, kin kawo ni layin da ba shi ba." Na duba. Ga mahaifinsa, ga mahaifiyarsa, ga wurin Zenzi, wayam, sai zagayen ƙura.

Kafin in buɗe baki, muryar jagoran ta cika ɗakin. Da harshenmu yake yi, sannan ya juya wa sauran. Yana cewa: "Ga ta nan, Leontine da kanta. Ku dubi shuɗin furen da ke goshinta, kamar yadda kuka karanta. Ku dubi tsagar da ke saman kunnen hagu, inda mijinta Anselm ya sauke mata gudumar fasa gishiri."

Hannun Baba Naz ya damƙe nawa har na ji zafi. Ya ce: "Je ki duba mini. Tsagar nan, reshe uku gare ta, kamar sawun kaza?"

Na kutsa cikin mutane na duba. Jama'a, reshe uku gare ta. Wardin da aka zana mata babu shi, sunanta babu shi, sai shuɗin fenti sabo fil yana ƙyalli, da sunan matar da ba a taɓa haifa ba.  Na so in yi masa ƙarya, na rantse da Allah na so, amma ya riga ya gane.

Sai ya tako da kansa, yana lalube, har ya dafa gilashin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Wannan matata ce."

Kun san abin da suka yi? Tafi suka yi! Tafi, a ɗakin ƙasusuwa, ranar tunawa da matattu! Sun ga tsoho da farin gashi da tsohuwar kwat irin tamu, sun ɗauka kamfani ne ya ɗauko ɗan wasa domin ya ƙara wa ziyarar armashi. Wata ta rungumo kafaɗarsa aka ɗauke su hoto. Wani ya jefa masa tsaba a cikin hular da ya cire domin girmama matattu. Wani kuma, mai fara'a, da murmushinsa, ya matso ya tambaye shi da ɗan abin da ya iya na harshenmu: "To, Anselm, gaya mana gaskiya, me ya sa ka kashe ta?"

Mutumin da ya goyo ta daga kan dutse. Shi aka tambaya me ya sa ya kashe ta, a gabanta, a gaban uwarsa da ubansa.

Ban san abin da na faɗa ba a lokacin. An ce an ji muryata har bakin jirgi, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Abin da na sani shi ne, da baƙin suka fahimta, matar da ta ɗauki hoto ta fashe da kuka, mai tambayar ya rasa inda zai sa kansa, jagoran ma fuskarsa ta yi fari fat, yana ta rantsuwa cewa shi abin da aka ba shi ya haddace. Na yarda da shi.  Baba Naz kuwa sai ya juye tsabar a ƙasa, ya ce mini: "Ina zan ajiye kyandir ɗin?"  Haka muka sauko da shi a hannu, ba a kunna ba.

Na huɗu, wa ya yi wannan aiki? Na fara zuwa wurin Fada Kajetan. Shi baƙo ne a cikinmu, bai daɗe da zuwa ba. Ya gaya mini kwamiti ya nemi izinin gyara fentin da ya koɗe, shi kuwa ya sa albarka. Da na gaya masa irin gyaran, sai da ya nemi kujera. Ga shi nan zaune, in na ƙara masa ko kalma ɗaya ya tashi ya ƙaryata ni.

Daga nan na wuce ofishin Herr Dorfner. Tare muka yi makaranta da shi, saboda haka ban tsaya wani yallaɓai ba. Na ce: "Gottfried, me kuka yi wa Zenzi?"

Ya ce: "Zauna mana, Burgi, kin shigo kamar gobara. Baƙi sun dame mu. Kowa ya zo sai ya ce ina Leontine, in aka ce babu ita sai su koma suna rubuta cewa an cuce su. Muka duba ɗakin kaf, guda ɗaya ne mai tsaga a wurin da littafin ya faɗa. Fentinsa ya koɗe, sunan da ƙyar ake karantawa. Mun ɗauka ba ta da kowa."

Na ce: "Ba ta da kowa? Mijinta da kake wucewa kullum a bakin tafki kana ɗaga masa hula, shi ɗin kujera ne?"

Ya ce: "To, kuskure ne, an yi. Amma ke ma kar ki cika baki, da baƙin nan kike cika tukunyarki."

Na ce: "Ƙwarai kuwa. Kifi nake sayar musu, ban sayar musu da uwar kowa ba."

Sai ya sassauta murya, wai zai kawo maslaha. Ku saurara da kyau, domin wannan ce ta fi tsaya mini a rai. Ya ce: "Akwai masu yin ƙoƙon kai na roba, ba ka bambanta shi da na gaske. Sai a yi ɗaya, a zana wardi, a rubuta Kreszenz, a ajiye a gurbin. Shi tsohon ai ba gani yake ba."

Shi tsohon ai ba gani yake ba! Na tsaya ina kallon mutumin da muka zauna benci ɗaya da shi, na kasa gane shi. Sai na ce: "To, me zai hana a ba baƙin na robar, a mayar mana da tamu?" Ya ce ba zai yiwu ba, kamfani ya riga ya buga a tallarsa cewa na gaske ne, kuma ba a yi wa mai saye ƙarya.

Kun ji fa. Ba a yi wa mai saye ƙarya. Makaho ɗan gari, wanda ya ba ramin gishirin nan ƙuruciyarsa, shi za a miƙa wa roba ya shafa yana addu'a. Wanda ya zo da jirgin safe zai koma da na yamma, shi ya cancanci ƙashin gaske. Ya mutanen Aldensee, yaushe muka zama haka? Yaushe matar da aka ƙaga a takarda ta fi matar da ta yi mana reno? Yaushe muka fara duban iyayenmu muna neman wanda rauninsa ya dace da labari? Yau tsagar Zenzi ce ta dace. Gobe in wani ya rubuta littafi a kan mai karyayyen haƙori, kakan wa za a ɗauko? Herr Dorfner, ba na ce kai mugu ba ne. Na san ka tun kana da gajeren wando. Abin da ya firgita ni shi ne mutum bakwai ne a kwamitin nan, dukkansu a garin nan aka haife su, kuma babu ɗaya da hannunsa ya yi rawa.

Na ƙarshe, kuma shi ne ainihin abin da ya tsayar da ni a gabanku. Baba Naz bai zo ba, tun ranar bai ƙara fita ba. Jiya na kai masa romo, na gaya masa za a yi taro, na ce zan yi magana, za a mayar da ita. Ya girgiza kai. Ya ce: "'Yar Leopold, ba za su yarda ba. Gari ya saba da cin abinci daga akwatin nan. Kar ki ɓata da maƙwabtanki saboda ni." Sannan ya ce: "Akwatin nan, akwai sauran wuri a ciki?"

Na ce: "Baba, wane irin wuri?"

Ya ce: "Na mutum ɗaya. Na yi tunani. In sun bar ta a can, ni kuma aka kai ni gurbina, to mun rabu ke nan, ita tana gilashi, ni ina katako. Amma a littafin ai tana da miji. Ki gaya musu na yarda. In lokacina ya yi, kada su rubuta Ignaz. Su rubuta Anselm ɗin, su ce ni na kashe ta. Baƙi za su ji daɗi, ni kuma za a ajiye ni kusa da ita."

Na ce ba zan kai wannan saƙo ba ko za a yanka ni. Ya ce: "Ke kaɗai nake da ita da zan aika. Ki kai."

To, na kawo. Ga shi nan na ajiye a gabanku, mai girma shugaba, 'yan majalisa, jama'ar gari. Dattijon da bai taɓa ɗaga wa matarsa yatsa ba yana roƙon ku rubuta masa sunan mai kisan kai a goshi har abada, domin a ganinsa wannan ce kaɗai alfarmar da garinsu zai iya yi masa. Haka ya auna mu. Kuma ban ga laifinsa ba.

Roƙona gare ku: kada a sa hannu a wannan takarda da sharaɗin akwatin a ciki. A buɗe gilashin gobe, a wanke shuɗin fentin, a rubuta Kreszenz Ramsauer, a zana mata wardinta, a mayar da ita inda mijinta ya ajiye ta, tun yana da ran da zai kai hannu ya taɓa. Baƙi su ci gaba da zuwa, muna maraba da su, a nuna musu tafki da coci da matakala, a gaya musu Leontine tana cikin littafi. In kamfani ya ce in babu akwati babu ciniki, to masaukina ne zai fara yin fanko, kuma na yarda. Daga nan wurinsa zan wuce, yana zaune yana jirana. Ku za ku zaɓa mini abin da zan gaya masa: ko in ce an mayar masa da matarsa, ko in ce garin ya karɓi tayinsa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin daidai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na ƙasa da na ɗakin ƙasusuwa, ya ba su hutawa. Allah ya ƙara wa Baba Naz kwana har ya ji da kunnensa. Allah ya kai baƙonmu gida lafiya, ya mayar da kowannenku ɗakinsa lafiya, ya sa idan namu lokacin ya zo a kira mu da sunayen da iyayenmu suka raɗa mana.

Na gode.